Ruwan da Ya Taso Daga Ƙasa a Garkar Baba

Garkar babanmu tana cikin fadamar gulbi, ba nisa da ƙauyenmu, a wajen Tibiri. Kakanmu ne ya fara ta. Daga kudu ya zo, can ƙetaren iyaka, da irin albasa ƙulle a tsumma, aka ba shi wurin da kowa ya ƙi saboda ƙasar tana da nauyi. Ya gina rijiya, ya kafa jigo, ya dasa mangwaro a ƙarshen wurin, inda ƙasa ta gangara. Da ya rasu aka raba biyu. Babanmu, da yake shi ne babba, ya ɗauki gangaren mai mangwaro, ƙaninsa da muke kira Baffa ya ɗauki ɓangaren tudu. Shingen ƙaya ne kawai tsakaninsu, shi ma an bar masa kafa inda ake wucewa.

Tun ina ƙarama na san wannan rijiya da zurfi. In na leƙa, ruwan can ƙasa yake, ɗan ƙyalli kamar kwabo. Daga baya jigo ya tafi, injin ban ruwa ya zo, wanda muke kira motopom, kowa ya faɗaɗa garkarsa. Baffa ya fi kowa saurin karɓar sabon abu. Shi ya fara sa aka huda masa foraj, wato rijiyar burtsatse mai zurfi, ya jera fanon hasken rana a kai, ruwa na zuba daga fitowar rana har faɗuwarta ba tare da ya sayi ko ɗigon mai ba.

Ni a lokacin na yi aure a Gangara, can gabas, inda ba a san garka ba sai gonar damina. Rijiyar unguwarmu sai da shanu ake jan ta, igiyar ta yi tsawon da in saniya ta ja ta har sai ta wuce gidaje kafin guga ya fito. Maigidana kan tafi cin rani da zarar an gama kaka, ni kuma in kwashi yara in taho gida in daɗe. A irin wannan zuwa ne na fara ganin abin.

Na je garka zan yi wanki. Na ɗauki guga, na fara sakin igiya da irin hannun da na saba da shi, sai na ji ya faɗa ruwa tun igiyar tana naɗe a hannuna. Na ɗauka wani abu ya tokare shi. Da na leƙa sai ga fuskata ɓaro-ɓaro, har da ɗaurin kallabina.

Na ce, "Baba, an cike rijiyar nan ne?"

Yana zaune yana tsinke albasar dashe. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa ba ya kirana sai da Uwata. Ya ce, "Ba wanda ya taɓa ta, Uwata. Ruwan ne ya tausaya wa tsufana, ya hawo."

Murna yake yi, kuma kowa a gangaren murna yake yi. Motopom ba ya wahala, mai ba ya ƙarewa da wuri. Ni ma na yi dariya, amma abin ya tsaya mini a rai. Na yi wankin ina ta duban rijiyar. A Gangara ana cewa ruwa gudu yake ƙara yi ƙasa kowace shekara. To me ya sa namu yake tahowa sama?

Ranin da ya biyo baya na tarar da garkar ta canza wari. Wani irin ɗoyi na tabo yake tashi daga gangaren, kwaɗi suna kuka tsakiyar rani, kacalla ta fito a gefen shinge inda a da ko ciyawa ba ta tsayawa. Albasar da ke can ƙasa ta yi rawaya. In ka kama ganyen ka ja, sai ya biyo hannunka, gindin ya narke ya zama kamar kunu. Mangwaron kaka ya fara zubar da ganye daga sama.

Baba ya duba ganyen rawaya ya ce ƙishi ne, domin duk rayuwarsa abin da rawaya take nufi ke nan. Ya ƙara ban ruwa. Albasar ta ƙara ruɓewa.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina wani farin abu ne da ya shimfiɗu a bakin kowane fangali, kamar an barbaɗa gari. Awakin da suka ɓalle shinge ba su ko kalli salati ba, ƙasar suka tsaya lasa. Da na ga haka na dangwala da yatsa na kai baki. Ɗaci-ɗaci, gishiri-gishiri, kamar kanwar da ake jiƙa wa dabbobi. Baba ya gan ni.

"Ke kuma ƙasa kike ci, da girmanki?"

Na ce, "Ɗanɗana ka ji, Baba."

Ya yi kamar ba zai yi ba, sannan ya dangwala. Ya daɗe yana juya harshe. Ranar bai tada motopom ba.

A gari kowa da abin da yake faɗa. Wasu tsofaffin mata suka ce masu wurin ne aka ɓata wa rai, tun da aka sare wata tsamiya a bakin gulbi. Liman ya ce a bar wannan magana, a yi addu'a. Wasu suka ce gulbin ne ya canza hanya ta ƙarƙashin ƙasa. Innarmu ba ta shiga ko ɗaya ba, nata damuwar katangar bayan gida ce, wadda gindinta ya fara yin duhu kamar an watsa masa ruwa, ga sauro da ya ƙi tafiya da damina.

Ni dai so nake in ga ruwan da idona, in san inda ya tsaya. Wata safiya na ɗauki dagi na tafi gindin mangwaro na fara huda rami. Ban kai tsawon hannuna ba ƙasar ta fara maƙale wa dagin. Na zauna ina kallo. A hankali gefen ramin ya fara gumi, ruwa ya taru a ƙasa, ya hau kaɗan-kaɗan, sannan ya tsaya. Na saro karan dawa na tsoma, na yi masa zane da wuƙa daidai inda ya jiƙe. Na matsa gaba wajen tudu na huda wani, na sake matsawa na huda wani, har na kai shingen Baffa. Duk inda na ƙara hawa, sai na ƙara zurfi kafin in sami ruwa, amma ba wanda na rasa.

Baba ya iso ya tarar da garkarsa ta yi ramuka kamar gafiya ta kwana a ciki.

"Uwata, in jaki ya karye a nan, ke za ki ɗaure masa ƙafa."

Na nuna masa karan. Ya karɓa ya jujjuya, ya mayar cikin ramin, ya zaro, ya duba. Washegari da na zo na same shi durƙushe a bakin ramin farko da karan a hannu. Ya yi kamar ciyawa yake cirewa. Kwana kaɗan bayan haka ya daina ɓoyewa. Shi ne ma ya canza karan da sanduna masu ƙwari, ya rufe bakin kowane rami da fasasshen kasko don kada ƙasa ta rufta. In ya dawo gida da hantsi, kafin ya sha fura sai ya ce, "Na gindin mangwaro ya hau yatsa." Ko kuma, "Yau ba wanda ya motsa." Inna ta ce mun zama kamar masu jinya.

A ramin tsakiya muka gano wani abu. Baba ya ce mu ƙara masa zurfi mu ga ƙarshen ruwan. Muka yi ta kwashe jiƙaƙƙen rairayi, sai dagin ya ci karo da wani abu mai tauri amma ba dutse ba. Da ya fito, bakinsa ɗauke yake da yumɓu, toka-toka, mai santsi, irin wanda maginan tukwane suke tafiya nesa nema. Baba ya ƙara dannawa da ƙarfi, ya ciro wani daga can ciki. Na murza shi a yatsa. Cikinsa kusan a bushe yake.

Wannan ya ɗaure mini kai. Ruwa a sama, busasshiyar ƙasa a ƙarƙashinsa. Na ɗebi yumɓun na murɗa ɗan kwano kamar yadda muke yi muna yara, na cika shi da ruwa, na ajiye a inuwa. Da muka dawo da safe ruwan yana nan, ya ɗan ragu kawai. Baba ya tsuguna ya daɗe a kansa.

Ya ce, "Wato cikin akushi muke noma."

Na ce, "Haka nake gani. Duk abin da aka zuba, nan yake zama."

"To ai tun zamanin kakanki ake zubawa."

"Da jigo, Baba. Kuma daga rijiyar nan ake ɗiba, a zuba, ya koma inda ya fito."

Baba ya ɗaga kai ya dubi tudu, inda ake jin ruwan foraj ɗin Baffa yana zuba ba tsayawa. Foraj ɗin ya huda ya wuce yumɓun, daga can ƙarƙashi yake ɗauko nasa. Kuma ba na Baffa kaɗai ba ne, a lokacin masu garka da yawa a tudun sun yi irinsa. Na ga abin da ya shiga zuciyar Baba, na so a ce ban yi maganar ba tukuna.

Sallah ta zo, aka yi kwanaki ba wanda ya kula da ban ruwa sosai, har Baffa ya rufe nasa ya tafi Sae Sabuwa gaida surukansa. Baba kuwa ko ranar idi sai da ya leƙa ramukansa da sabuwar riga. Ruwan ya sauka, amma kaɗan, bai fi faɗin yatsu ba. Da aka koma aiki ya sake hawa. Wannan ya ishi Baba. Ya bi ta kafar shinge ya sami ƙaninsa yana gyara tiyo. Ina biye da shi da kwandon zogale a kai, don haka na ji komai.

"Ruwanka ne yake kashe mangwaron mahaifinmu."

Baffa ya miƙe yana goge hannu. "Yaya, ruwana a garkata nake zuba shi."

"Yana bi ta ƙasa. Mun auna."

"Kun auna." Ya dube ni, ya sake duban Baba. "Damina biyu a jere gulbi ya cika ya kwanta a gangaren nan har aka shiga kaka. Shi ma ni na kunna shi? Kai da kanka, wa ya kai ka ban ruwa bana?"

Gaskiya ya faɗa, kuma na san Baba ya san haka, shi ya sa ransa ya ƙara ɓaci. Ya juya ya dawo. Da yamma ya saro ƙaya ya toshe kafar. Suka ci gaba da gaisawa a masallaci, gaisuwa irin ta baƙi. Matar Baffa ta daina aiko wa Inna da miya. Na koma Gangara da damina zuciyata ba daɗi, ina ta tunanin yatsun nan. In foraj ne kaɗai, me ya sa bai sauka da yawa ba? In gulbi ne kaɗai, me ya sa ya sauka ko kaɗan? Na tambayi maigidana, ya ce shi abin da bai gane ba, yadda za a ce ruwa ya yi wa mutum yawa.

Da na dawo rani na gaba, ban yi mako ba aka yi rasuwa. Wata tsohuwa ce maƙwabciyarmu, wadda ta yi wa yawancinmu wankan jarirai. Maƙabartar garin tana gefen fadama tun kafin a haifi Baba. Maza suka tafi gina kabari, mu muna gida ana shirya ta. Aka gama, aka yi sallah, amma ba a ɗauke ta ba. Rana ta yi sama, mutane suna ta shiga da fita suna magana ƙasa-ƙasa. Daga baya muka ji: sun gina, ruwa ya tsattsafo. Suka matsa suka gina wani, shi ma haka. Sai da maigari ya ba da wani wuri can kan jigawa, cikin gonarsa, sannan aka kai ta.

Baba ya dawo ƙafafunsa duk tabo. Ya zauna a zaure bai wanke ba. Mahaifinsa da mahaifiyarsa suna kwance a tsohuwar maƙabartar. Na kawo masa ruwa, ya karɓa ya riƙe.

Ya ce, "Baffanki ne ya shiga ramin na biyu. Ruwa har idon sawu."

Bayan addu'ar uku maigari ya tara masu garka, aka aika buro, wato ofishin noma, a Gidan Rumji aka roƙi malamin gona ya zo. Ya zo a kan moto, wato babur, mutum mai fara'a, ya cire takalmi ya shiga tabon. Baba ya kai shi ramukan ɗaya bayan ɗaya, yana ɗaga kasko yana bayani kamar mai nuna dabbobinsa. Malamin ya yi ta tambaya, ya ɗebi yumɓun da farar ƙasar ya ƙulle a leda. Ni ina gefe da sauran mata, na kasa haƙuri na ce wa Baba ya tambaye shi wanne ne mai laifi, foraj ko gulbi.

Malamin ya ji, ya juyo. Ya ce, "Malama, ba zan yi miki ƙarya ba, ban san rabon kowanne ba. Ina jin duka biyun ne, da ban ruwan da ake yi fiye da kima. Abin mamakin, ba nisa da nan akwai garin da rijiyoyinsu ke ƙafewa. Ku naku wurin kwari ne mai yumɓu a ƙasa, ba shi da mafita."

Farar ƙasar kuma ya ce gishirin da ke cikin ƙasa ne ruwa yake ɗagowa, rana ta shanye ruwan ta bar shi a sama. Shawararsa ita ce a yi wa kwarin mafita, a gina lambatu daga gangaren har cikin gulbi, kuma masu foraj su riƙa rufewa in garka ta ƙoshi.

Tsakanin gangaren da gulbi akwai wani ɗan tudun ƙasa da ya ratsa garkunan mutane da dama, sai da aka sha zama kafin kowa ya yarda a yanka masa gefe. Aka sa ranar gayya. Da sassafe muna girka abincin ma'aikata a gindin mangwaro, sai ga amalanken Baffa ya zagayo ta hanya, tunda kafar a toshe take, da 'ya'yansa maza a kai da diga da shebur. Ya sauko ya tsaya gaban Baba.

"Yaya, daga ina za a fara?"

Baba ya nuna masa da sanda. Iyakar abin da suka ce ke nan. Da rana ta take na ga ɗaya daga cikin 'ya'yan Baffa yana janye ƙayar daga kafar don a riƙa wucewa da ruwan sha, ba wanda ya hana shi.

Aikin ya ci kwanaki. Ranar da aka fasa ƙarshen tudun na ajiye ludayi na tafi kallo. Na zaci ruwa zai ɓalle da gudu. Ba haka aka yi ba. Wani baƙin ruwa ne mai wari ya fara silalowa, siriri kamar igiya, yana tsayawa yana tafiya, yana tura busasshen ganye a gabansa. Na bi shi a hankali ta bakin lambatun har inda ya zuba cikin rairayin gulbi ya ɓace. Wani ya ce wannan ɗin ne muka sha wahala a kansa. Amma bai tsaya ba. Washegari yana tafiya, bayan mako yana tafiya, har na koma Gangara yana tafiya.

Ya taimaka, amma bai mayar da garkar yadda take ba. Ruwan ramukan ya sauka kamar tsawon hannu, tsakiyar garkar ta sake karɓar albasa, katangar Inna ta bushe. Inda farin gishirin ya fi yawa har yanzu ba abin da yake fitowa, sai dabbobi ke zuwa lasa. Mangwaron kaka bai tashi ba. Da aka sare shi na ce a tono mini saiwa in gani. Baƙa ce ƙirin, tana ɓarewa a hannu, tana warin ruɓaɓɓen ƙwai. Baba bai zo wajen saran ba, ya ce yana da aiki a kasuwa.

Can ƙarshen gangaren kuwa, inda ruwan ya ƙi barin wurin, Baba ya daina faɗa da shi. Wani ɗan'uwanmu daga kudu ya kawo masa irin rake, ya nuna masa yadda ake kwantar da shi. Mutumin da ya tsufa a kan albasa ya koma yana tambayar yara yadda ake ɓare ganyen rake ba tare da ya yanke hannu ba. Raken kuwa ya so wurin. Ya yi tsawo har ya rufe mutum, ya yi kauri, masu amalanke suka fara zuwa tun daga Tibiri suna saye.

Ranar da aka fara sara, Baba da Baffa suna zaune a kan tabarma ɗaya, suna gardamar da ba su daina ba har yau, wannan ya ce foraj, wancan ya ce gulbi. Aka kawo musu sanda guda mafi kyau. Baffa ya karya ya fara sha. Baba ya kai nasa baki, ya gwada ta wannan gefe, ya gwada ta wancan, haƙoran da suka rage masa suka ƙi. Ya miƙo mini. Na fere, na yayyanka ƙanana a cikin kwano, na ba shi. Ya ɗauki ɗaya ya sa a kunci yana tsotsa.

Baffa ya ce, "Yaya, ya ka ji shi?"

Baba ya ce, "Da zaƙi. Sai dai an fi jin daɗin noman albasa." Ya miƙa hannu ya ɗauki wani.